Fuskar wuƙa: jagorar zaɓe tsakanin baƙar ƙira, gogaggiya da mai fenti

Duk shekara idan Sallar layya ta matso, teburan masu sayar da wuƙaƙe sukan cika bakin hanyoyin Tawa, kuma abin da idon mai saye yake fara sauka a kai shi ne fuskar wuƙa. Wata tana ɗaukar ido kamar madubi, wata baƙa ƙirin kamar yanzu aka zaro ta daga wutar maƙera, wata an shafe ta da fenti, wata kuma tana da launin zinariya. Abin da nake nufi da fuska shi ne yadda aka gama jikin wuƙa tun daga bayanta har zuwa dab da baki, wato aikin ƙarshe da maƙeri ko masana'anta suke yi bayan an gama ƙira. Fuska ba ta yanka, domin yanka aikin baki ne da ingancin ƙarfe. Amma ita ce take nuna saurin kama tsatsa, da sauƙin wanke jini da kitse, da yadda abinci yake mannewa, da kuma kamannin da wuƙar za ta yi bayan shekara biyu tana aiki.

Wani abu da ya same ni ne ya sa na fara kula da wannan al'amari. Na taɓa sayen wata baƙar wuƙa mai fenti a Yamai, saboda ta yi mini kyau a ido kuma an ce mini ba ta tsatsa. Ranar layya, muna tsakiyar fiɗa, sai na ga baƙin ɓawo ƙanana a kan farin kitsen rago, kuma da na duba wuƙar na tarar fentin yana saɓulewa daga wurin da yake gogar ƙashi. Na kai ta wurin wani dattijon maƙeri a Tawa, na ce masa: "Baba, ko wannan za ta gyaru?" Ya kankare fentin da gefen magagari, ya nuna mini zurfafan layukan inji a ƙarƙashinsa, tsatsa ta riga ta kwanta a cikinsu ja wur. Ya ce: "Ɗana, wanda ya shafa wannan fenti aikinsa ya rufe." Wuƙar ta gyaru bayan an goge ta, kuma matakan da ke tafe sun samo asali daga abin da na koya tun daga wannan rana.

Mataki na farko: a san aikin da wuƙar za ta yi

Kafin a taɓa kowace wuƙa a kasuwa, ya kamata mutum ya amsa wa kansa tambayoyi uku: me za ta yanka, sau nawa za ta jiƙe a yini, kuma wa zai wanke ta ya shanya. Wuƙar uwargida tana yini cikin albasa, tumatir, lemon tsami da gishiri, kuma sau da yawa ana barinta cikin kwanon wanke-wanke. Wuƙar mahauci tana shan jini da kitse, amma ana wasa ta kullum. Mai sayar da kifi a bakin tafkin Tabalak ko a gaɓar kogi a Yamai wuƙarsa ba ta bushewa. Wuƙar layya kuwa tana aikin kwana biyu ko uku, sannan ta kwanta wata goma sha ɗaya cikin kube, kuma kwanciyar ce ta fi aikin lalata ta.

Mataki na biyu: a gane irin ƙarfen

Fuska ɗaya tana yin hali daban a kan ƙarfe daban, saboda haka gane ƙarfe yana gaba da zaɓen fuska. Wuƙaƙen da ke hannun mutane kashi biyu ne. Akwai ƙarfe mai karbon, wanda maƙeranmu suka fi aiki da shi, galibi daga sifirin tsofaffin motoci da muka fi sani da resor, ko daga tsohon magagari. Ƙarfen resor yakan ƙunshi karbon kimanin kashi 0.6 cikin 100, yana karɓar wasi da sauƙi, yana da kaifi mai daɗin aiki, amma yana tsatsa da zarar an bar shi a jiƙe. Akwai kuma ƙarfen da ake kira inoks, wanda aka haɗa shi da sinadarin kurom aƙalla kashi 10.5 cikin 100. Kurom ɗin yana haɗuwa da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, kuma idan an karce ta takan sake haɗuwa da kanta. A birnin Sheffield na Ingila ne Harry Brearley ya narka irin wannan ƙarfe a 1913, kuma masu ƙera wuƙaƙe na garin ne suka fara cin moriyarsa. Wasu kamfanoni suna fitar da wuƙa iri ɗaya da ƙarfen biyu: Opinel na Faransa, alal misali, yana buga tambarin karbon ko inoks a jikin wuƙa domin mai saye ya san abin da ya ɗauka.

Gwajin gane su ba shi da wuya. A ɗiga ruwan lemon tsami kusa da ƙota a bar shi minti biyar: ƙarfe mai karbon zai yi tabo toka-toka, inoks kuwa ba zai nuna komai ba. A kuma gwada mayen ƙarfe. Inoks na wuƙar kirki yana kama mayen ƙarfe, domin irin da ake iya taurarawa ke nan, wanda kuwa ba ya kamawa yawanci irin na cokula da tukwane ne, ba ya tsatsa amma ba ya riƙe kaifi. Dole a faɗi a nan cewa inoks ma yana tsatsa idan aka matsa masa. Gishiri da ruwan jabel, wato ruwan faranta tufafi, suna cin waccan siririyar fata su bar ƙananan ramuka baƙaƙe, kuma ramin da ya shiga ƙarfe ba ya fita da wanki.

Mataki na uku: a san fuskokin da halin kowacce

Ta farko ita ce baƙar ƙira, fuskar da wuta ta bari. Idan maƙeri ya gasa ƙarfe ya yi ja ya buga shi a kan uwar maƙera, wani baƙin ɓawo yakan fito a jikinsa, sannan idan ya tsoma shi cikin mai domin ya taurara, ƙonannen man ya ƙara masa duhu. Maƙeri yakan goge wajen baki kawai ya bar sauran jiki a haka. Wannan baƙin ɗan'uwan jar tsatsa ne, tun da dukansu haɗuwar ƙarfe da iska ce, amma shi yana manne wa ƙarfe ya tsaya, ba ya ci gaba da cin jiki kamar ja. Yana kuma riƙe mai kamar yadda tukunyar ƙasa take riƙe ruwa, saboda haka shafa ɗaya takan daɗe. Maƙeran Japan ma suna barin irin wannan fuska a kan wuƙaƙen kicin da gangan. Ga adda, da wuƙar gona, da wuƙar makiyayi, ban san wadda ta fi ta dacewa ba, tun da ba ta ɗaukar ido a rana, ba ta nuna karce, kuma ba ta ƙara wa wuƙa tsada. Aibinta shi ne kaushi: jini da kitse suna maƙalewa cikin sawun guduma. Sannan maƙera da dama da baƙin man mota suke tsoma ƙarfe, don haka sabuwar baƙar wuƙa da za ta taɓa abinci sai an wanke ta da ruwan zafi da sabulu, an dirje ta da toka, har sai farin ƙyalle ya daina ɗaukar baƙi.

Ta biyu ita ce gugar layi, wadda za a ga siraran layuka sun jeru gefe ɗaya a jikin wuƙa, tana da haske amma ba a ganin fuska a cikinta. Yawancin wuƙaƙen mahauta da na kicin da ake shigowa da su, irin na Tramontina na Burazil, wannan fuska gare su. Ana samunta da takardar goge ƙarfe mai lamba 400 zuwa 600 (gwargwadon girman lambar, gwargwadon laushin takardar). A ganina ita ce ta fi kowacce amfani ga wuƙar da ke aiki kullum, kuma dalilaina uku ne. Santsinta ya isa a wanke kitse da soso ba tare da wahala ba. Sabon karce yakan ɓace cikin layukan da ke akwai. Abu mafi muhimmanci kuma, ita ce fuskar da mutum zai iya maido da ita da hannunsa a tsakar gida cikin awa ɗaya, ba tare da inji ba. Abin lura shi ne zurfin layukan: idan farce yana kamawa a cikinsu, to gurzar inji ce aka bari ba a gama ba, kuma ruwa zai kwanta a ciki.

Ta uku ita ce madubi. Ana kaiwa gare ta da bin lambobin takarda ɗaya bayan ɗaya har 2000 ko fiye, sannan a goge da ƙyalle ko fata da man goge ƙarfe. A cikin fuskokin da ba a rufe da komai ba, ita ce ta fi jure tsatsa, saboda ruwa da gishiri ba su da ramin da za su fake, kuma jini yana fita daga gare ta da shafa ɗaya. Wannan ya sa ta dace da wuƙar yanka, wadda ake so ta wuce ba tare da jan fata ba. Musulunci ya yi umarni da a wasa wuƙa a hutar da dabba, kuma duk da kaifin baki ne ginshiƙin hakan, jiki mai santsi yana taimakawa. Sai dai madubi yana da tsada, domin aikin hannu ne mai cin lokaci, kuma ba ya ɓoye komai: sawun yatsa, karcen ƙashi, da gogar soson ƙarfe duk suna fitowa fili. Ƙurar hunturu kanta yashi ce mai laushi, kuma idan aka share ta da busasshen ƙyalle takan bar siraran layuka. Akwai kuma abin da masu girki suka sani: yankakken dankali, doya ko kabewa yana manne wa madubi kamar an liƙa shi, saboda babu iskar da ke shiga tsakani. Wasu masana'antu suna yin ƙananan kwarmi a jere a jikin wuƙa, ko su bar sawun guduma da gangan, domin rage wannan mannewa. Yana ragewa, amma ba ya kawar da ita gaba ɗaya.

Akwai fuskoki biyu da suka yi kama a ido, amma halinsu ya sha bamban, kuma an fi ganinsu a wuƙaƙen aljihu masu naɗewa. Ɗaya ita ce wankin tsakuwa: ana zuba wuƙaƙe cikin ganga tare da ƙananan duwatsu a yi ta juyawa, har jikin ya cika da ƙananan karce ta kowace fuska. Wuƙar da aka yi wa haka ba ta tsufa a ido, domin sabon karce ba ya bambanta da na asali. Ɗayar kuwa feshin yashi ce, inda ake harba ƙwayoyin gilashi ko yashi da iska mai ƙarfi, jikin ya zama toka-toka marar ƙyalli. Ita ce mafi arha ga masana'anta, kuma ita ce mafi saurin tsatsa, domin feshin yana barin ramuka marasa adadi da ke riƙe gumi da laima. Ko inoks ne, idan an yi masa feshin yashi aka sa shi cikin aljihu a zafin Afrilu da Mayu, gumi kaɗai ya isa ya fito masa da jajayen ɗigo. Hanyar bambance su ita ce a juya wuƙar a rana: wankin tsakuwa yana walƙiya nan da can, feshin yashi kuwa ba ya mayar da haske ko kaɗan.

Sai wuƙaƙen da aka rufe da wani abu, kuma a nan ne mai saye ya fi ruɗuwa, domin baƙi ɗaya a ido yana iya zama abu huɗu daban. Mafi ƙasƙanci shi ne fenti, irin wanda ya zuba mini a nama. Sama da shi akwai gasasshen rufi mai kauri da ake yi wa adduna da wuƙaƙen daji, wanda yake kare ƙarfe mai karbon sosai amma yana jan abin da ake yankawa saboda kaushinsa. Akwai rufin hana mannewa da ake yi wa wuƙaƙen kicin masu launin ja, kore ko shuɗi, wanda yake aiki yana sabo sannan ya fara ɓarewa daga wajen baki. Akwai kuma rufin da ake yi cikin injin da aka zuƙe wa iska, wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya zuwa biyar cikin dubu na milimita ba. Mai launin zinariya daga titaniyam ake yinsa, shi ne ake gani a kan bakin injin huda ƙarfe, baƙin kuma daga karbon mai taurin gaske. Waɗannan biyun sun fi ƙarfen wuƙar tauri nesa ba kusa ba, ba sa ɓarewa kamar fenti, amma na gaske suna da tsada, kuma launin zinariya a kan wuƙa mai arha sau da yawa ado ne kawai da ke gogewa cikin makonni. Wanda na fi gargaɗi a kai shi ne ruwan kurom da ake yi wa ƙarfe marar kyau domin ya yi kama da inoks: tsatsa tana shiga ƙarƙashinsa ta kumbura shi, ya riƙa ɓallewa a siraran ɓawo masu kaifi. Kowane irin rufi ne, wasi na farko yana cire shi daga baki, ma'ana wurin da ke yanka a buɗe yake kuma yana buƙatar kulawa kamar kowace wuƙa. Ni dai ba na sa wuƙa mai fenti ko ruwan kurom a nama.

Wuƙa mai zanen igiyar ruwa, wadda ake dangantawa da Dimashƙa, ana yinta da haɗa ƙarfe iri biyu a wuta, a ninka, a buga, sannan a tsoma cikin ruwa mai tsami: ɗaya ya yi duhu, ɗaya ya zauna fari. Kyau ne da ita, amma zanen ba ya ƙara kaifi. Ta gaske zanenta yana ratsawa har bayan wuƙa kuma babu biyu masu zane iri ɗaya, saboda haka idan aka ga goma a tebur duk zanensu ɗaya, bugawa aka yi a sama.

Mataki na huɗu: dubawa a gaban mai sayarwa

A nemi izinin mai kaya a fito da wuƙar daga rumfa zuwa haske, a riƙe ta a kwance daidai ido, a duba tsawonta daga ƙota zuwa tsini. Jiki mai kyau yana mayar da haske a miƙe, wanda aka yi wa gaggawa kuwa yana nuna tudu da kwari. A bi jikin da farce daga baya zuwa wajen baki, a hankali, domin jin zurfin layuka. A duba mahaɗar ƙarfe da ƙota, saboda a nan ne masu gaggawa suke barin aiki kuma a nan jini yake taruwa ya yi wari. Idan wuƙar mai rufi ce, a karce bayanta kaɗan da gefen kuɗin ƙarfe: fenti zai tashi, rufi mai tauri kuwa sai dai kuɗin ya bar sawunsa a kai, a share ya fita.

Abu na ƙarshe da za a duba shi ne launin baki da tsini, kuma wannan ya fi duk sauran muhimmanci. Bayan maƙeri ya taurara ƙarfe yakan sake ɗumama shi kaɗan domin kada ya karye, kuma da launi yake gane zafin: ruwan ƙasa mai haske kamar busasshiyar ciyawa yana fitowa wajen digiri 220, shuɗi kuma wajen digiri 300. Idan an danna wuƙa a kan injin gurza babu ruwa har bakinta ya yi shuɗi ko shunayya, to wurin ya yi laushi, kuma zai dakushe tun kafin a gama fiɗar rago ɗaya. Wuƙa mai kyan fuska da ƙonannen baki a ajiye ta a ɗauki wata.

Idan an gama duba, zaɓin yakan fito da kansa. Ga kicin da masu kifi, inoks mai gugar layi. Ga mahauta da masu kilishi irin na Tawa da Madawa, waɗanda suke feɗe nama falle-falle kuma suke komawa kan dutse sau da yawa a yini, ƙarfe mai karbon da aka goge shi sumul, domin yana karɓar wasi da sauri kuma kitsen nama yana kare shi. Ga yankan layya, jiki mai santsi gwargwadon hali. Ga gona da daji, baƙar ƙira.

Mataki na biyar: gyaran fuska da hannu

Tsohuwar wuƙa mai tsatsa ko mai ɓararren fenti ba abar yarwa ba ce muddin ƙarfenta yana da kyau. Ana buƙatar takardar goge ƙarfe, wadda wasu ke kira samfefa, irin ta masu fentin mota da ke jure ruwa, lamba 220, 400 da 600, da guntun katako mai lebur, da allo. A kwantar da wuƙar a kan allon a ɗaure ƙotar sosai, bakin yana kallon waje, kuma kada ya zarce gefen allo, domin hannu zai yi ta kai da komo a kusa da shi. A naɗe takarda mai lamba 220 a jikin katakon, a ɗiga ruwan sabulu ko ɗan mai, a goge a karkace har tsatsa da fenti su fita duka. Daga nan a koma lamba 400 a canja hanyar guga, a bi tsawon wuƙa. Hikimar canja hanya ita ce a iya ganin layukan takardar baya, kuma ba a wucewa gaba sai sun ɓace gaba ɗaya. Mafi yawan masu koyo a nan suke kuskure, sukan yi sauri su tsallake, sai tsofaffin layuka su fito fili a ƙarshe. A lamba 600 a daina kai da komo: a aza katakon daga wajen ƙota, a ja shi a miƙe har ya fita ta tsini, a ɗaga, a sake, ana matsar da takardar zuwa sabon wuri kowane ja biyu ko uku. Wanda yake son madubi zai ci gaba da 1000, 1500 da 2000, ya ƙare da fata da man goge ƙarfe. Ba na ba wanda bai saba ba shawarar amfani da injin goge mai juya ƙyalle, domin yana fizge wuƙa daga hannu ya jefa ta.

Ƙarfe mai karbon da aka goge fari yana da wani mataki da ya kamata a ƙara masa. Sabuwar wuƙa irin wannan takan baƙanta albasa ta sa mata ƙarnin ƙarfe, kuma duk wadda ta yanka albasar Galmi da ita ta ga haka. Da amfani, jikin yakan rine da kansa ya zama toka-toka ko shuɗi-shuɗi. Mata da yawa suna dirje wannan rini da yashi suna ɗauka dauɗa ce, alhali shi ne kariyar wuƙar, kuma shi ne ke hana ta ɓata ɗanɗanon abinci. Ana iya kawo shi da wuri. A wanke wuƙar da sabulu da ruwan zafi har maiƙo ya fita, kada a sake taɓa jikin da yatsa. A ɗumama ruwan khal, wato binegar, a jiƙa ƙyalle a naɗe jikin wuƙar, ana dubawa kowane minti biyar, har launin ya yi duhu daidai, abin da yakan ɗauki minti 15 zuwa 20. A ɗauraye, a shafe ta da ruwan kanwa ko bikarbonat domin kashe tsamin, a sake ɗauraye da ruwa mai tsabta, a busar nan take, a shafa mai. Tsamin yana ɗan cin baki, saboda haka a ƙare da wasi. Bambancin rini da tsatsa a bayyane yake: rini yana da santsi kuma launinsa toka ne ko shuɗi ko baƙi, tsatsa kuwa ja ce, tana da kaushi, tana kuma ɓata ƙyalle.

Mataki na shida: wasi, mai da ajiya

Wasi marar kyau ya fi komai ɓata fuska. Idan aka kwantar da wuƙa gaba ɗaya a kan dutse, jikin ne ke gurzuwa. A ɗaga bayanta kaɗan, kimanin digiri 15 zuwa 20, yadda baki kaɗai zai taɓa dutsen. Masu wasa da inji da ke yawaita gab da Salla a roƙe su su riƙa tsoma wuƙar cikin ruwa, kada su bari ta yi zafin da yatsa ba zai iya taɓawa ba.

Game da mai, wuƙar abinci ba a shafa mata man mota ko man keken ɗinki. Wadda ke aiki kullum ɗigon man gyaɗa ya ishe ta, tun da gobe za a wanke. Wadda za a ajiye kuwa man gyaɗa yakan yi danƙo da wari a kanta, don haka man kaɗanya ya fi, ko farin man farafin da ake samu a kantin magani, wanda ba ya lalacewa. Siririn shafi ake so, wanda ba ya ɗiga.

Yawancin shekara iskar Adar, wato yankin Tawa, a bushe take kuma wuƙa ba ta shan wahala, amma daga Yuni zuwa Satumba laima takan cika ɗakuna. Layya tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma a 2024 da 2025 cikin watan Yuni ta faɗo, ma'ana an gama aiki da wuƙa damina na shigowa. Kube na fata yana da kyau don ɗauka, amma ba wurin doguwar ajiya ba ne. Fatar da majema suka jeme da bagaruwa tana riƙe laima, kuma sinadarin bagaruwa yana baƙanta ƙarfe idan sun haɗu da danshi, abin da dukawa suka daɗe da sani tun da daga ƙarfe suke haɗa baƙin rinin fata. Bayan layya a wanke wuƙar, a kula da mahaɗar ƙota, a shanya ta a rana har ta ɗau ɗumi, a shafa mai, a naɗe ta cikin takarda ko tsabtataccen ƙyalle, a ajiye kuben dabam, a wurin da hannun yara ba ya kaiwa. A tsakiyar watan Agusta a kwance ta a duba, kuma idan an ga jan ɗigo a goge shi da takarda mai lamba 600 ta bin layukan fuskar, a sabunta man a mayar.